Kwana Ashirin da Ɗaya

Mun gama zuba gero a rumbu,
kara ya bushe, an sako shanu gona,
muka koma gindin tsamiyar Baffa Sallau
muna dara, muna lissafin tsawon rani.

Ranar Talata mota ta ɓullo ta hanyar Auyo
da dogon ƙarfe kwance a bayanta.
Ilu, ubangidan masu haƙar burtsatse,
ya leƙo ya ce, "Ƙarti huɗu nake so,
sati uku, kuɗi hannu da yamma,
bayan nan ba alkawari tsakanina da wani."

Baffa ya tofar da tuƙar goro:
"Aikin da ba zai ga tsayuwar wata biyu ba
ai inuwar gajimare ce."
Mati ya shafa aljihun da takardarsa take:
"Ni gwamnati nake jira, ku ƙyale ni."

Na tashi ban ko kaɗe wando ba.

Bututu a kafaɗa tun kiran assalatu,
laka har gwiwa, inji na cin kunne.
Tafina ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi.
Da la'asar Ilu ya jiƙa yatsa da yawu
ya ƙirga tsofaffin takardu ya miƙo mini.

Ba su da yawa.
Sun dai goge sunana daga littafin mai shago,
sun sayo kwano biyu na ɗakin Inna
daidai inda damina ke ɗiga mata a tabarma.
Ragowar na haɗa da kuɗin wake,
na jawo 'yar tunkiya daga Haɗeja,
ramammiya, mai tsaga a kunne.
Rumbu kuwa na bar shi a liƙe,
ban sayar da ko tiya ba don magani.

Wanda Ilu bai sa a lissafi ba shi ne idona.
Na ga yadda ake naɗa zare a bakin bututu,
wane sifana ke kama wane noti,
yadda ake kara kunne a jikin ƙarfe
a ji ko fata ce ta cinye ko bawul ya gaji.
Ban biya sisi ba, ban yi tambaya ba,
fitila kawai nake riƙe musu, ina gani.

Ran ashirin da ɗaya ruwa ya feso,
yara suka faɗa ciki da rigunansu.
Motar ta juya ta tafi
da ladan wuni guda da Ilu ya manta ya ba ni.
Washegari kafaɗata ta nemi nauyi ta rasa.
Baffa ya ce, "To, ina aikin?"
Na yi shiru, don ba ni da bayani.

Amma ƙafar da ta saba fita ba ta son tabarma.
Kwana tara na yi ina tsinkar tumatir a fadama,
shida a yankan alkama.
Ko'ina na baro suna, na taho da lambar wani.

Bayan wata bakwai famfon ya ɗauke.
Hajo ta buga har gumi ya jiƙa ɗankwalinta,
jarkoki sun yi layi har masallaci.
Aka ce a rubuta wa Dutse, a jira.
Na aro sifana wurin mai faci,
na kara kunnena.
Fata ce.
Kafin azahar ruwa ya amsa mini.

Yanzu ƙauye uku ke aiko yaro a keke.
Tunkiyar ta haifi tagwaye.
Baffa bai ce ya yi kuskure ba,
ya dai ce, yana kallon alwalarsa,
"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Daren jiya aka ƙwanƙwasa ƙyaure.
Mati ne, ba takarda a aljihu.
Ya daɗe yana gaisuwa,
har ya tambayi lafiyar tunkiya.
Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Dashen shinkafar nan na Asabar,
in da gurbin mutum ɗaya, ka tashe ni."